Dogayen Kalmomin Turanci da ke Cikin Katin Awonki



Duk matar da ta zo awo ana ba ta kati. Za ta naɗe shi a leda ta adana wata da watanni, amma sau da yawa ba ta san abin da aka rubuta a kanta ba. Ko maigidan da ya yi boko, in ya ci karo da kalma irin haemorrhage ko hypertension, sai ya mayar da katin ya ce wannan Turancin likitoci ne. Yana da gaskiya, domin daga harsunan Girka da Latin aka aro yawancinsu, Turawan ma ba kowa ne ya san su ba. Sai dai kalmomin nan haɗe-haɗe ne. Mu duba tamu Hausar: makaranta, marina, maƙera, mahauta. Da zarar kin ji "ma" a farkonsu kin san wurin yin wani aiki ake nufi, ko da ba ki taɓa zuwa can ba. Haka kalmomin asibiti suke. Akwai 'yan haruffa da ke maimaita kansu a farko ko a ƙarshe, wanda ya gane su zai iya kusantar ma'anar kalmomi da dama.

Wannan bayani ya fi shafar matan da ke zuwa mana daga nesa. Mace ta fara awo a ƙaramin asibitin Kongolam ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, a tura ta Babban Asibitin Daura, daga can wani lokaci a ce sai Katsina. Takardar da aka ba ta tana ɗauke da kalma ɗaya ko biyu, kuma wannan kalmar ce za ta nuna ko tafiyar ta yau ce da daren nan, ko za ta iya jira a sayar da ɗan akuya ranar kasuwa a haɗa kuɗin mota. In babu wanda ya fahimci kalmar a gida, yawanci jiran ake zaɓa.

Kalmomin da ke ɗauke da "natal"

Natal na nufin haihuwa. Abin da aka liƙa masa a gaba shi ke nuna lokaci. Ante shi ne kafin, saboda haka antenatal shi ne kulawar kafin haihuwa, wato awo. Post shi ne bayan, postnatal ke nan kulawar mai jego. Neo kuma sabo ne, neonatal ya shafi jinjiri a kwanakinsa 28 na farko. In an ce an kai jariri neonatal unit, ɗakin kula da sababbin jarirai aka kai shi.

A da ana cewa mace ta zo awo sau 4. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau 8, kuma na farko ya kasance kafin ciki ya wuce mako 12. Wannan na farkon shi ne ke yi mana wuya, domin mace ba ta son a san tana da ciki sai ya fito, musamman amarya mai kunya. Amma a farkon ne ake gane abubuwa da yawa tun ba su yi nisa ba.

Postnatal kuwa mako 6 ne, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Ana so a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, sai rana ta 3, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sa'an nan a mako na 6. Na san al'ada ba ta son mai jego ta fita, amma zuwa asibiti ba yawo ba ne. Iyaye mata su yi haƙuri su rako ta.

Pre ɗan'uwan ante ne, shi ma kafin yake nufi. Term shi ne cikar lokacin ciki. Preterm shi ne wanda aka haifa kafin mako 37, abin da muke kira bakwaini. Post-term shi ne cikin da ya kai mako 42 ba a haihu ba. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, daga wajejen Matameye da Damagaram, katinsu da Faransanci yake. A nasu za a ga prénatale, ko haruffa uku CPN, awon dai ake nufi. Haka anémie da hémorragie da césarienne, duk suna kama da na Turanci domin tushensu ɗaya. Matar da ta yi wani awon a can wani a nan ta zo da katunan duka biyu, kada ta ɓoye ɗaya.

A kula da bambancin ante da anti. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma anti yaƙi da abu yake nufi. Antibiotic maganin ƙwayoyin cuta ne, antimalarial maganin zazzaɓin cizon sauro.

Dangin jini

In kin ga haem a farkon kalma, ko aemia a ƙarshenta, maganar jini ake yi. Wasu takardu da kwalayen magani suna bin rubutun Amurka, su jefar da harafin "a", su rubuta anemia ko hemorrhage. Abu ɗaya ne.

Haemoglobin shi ne sinadarin da ke ba jini launin ja, shi ke kai iska ko'ina cikin jiki har zuwa ga ɗan da ke ciki. A kati akan taƙaita shi zuwa Hb. "An" a farkon kalma rashi yake nunawa, don haka anaemia ƙarancin jini ne. Mai ciki da Hb ɗinta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 7 kuwa abin ya yi tsanani, yana iya kaiwa ga ƙarin jini. Asibitocinmu da yawa suna auna PCV a maimakonsa, shi kuma ana son ya kai kashi 33 cikin ɗari. Duba katinki ki ga lambar da aka rubuta, ki tambaya ko ta hau ko ta sauka tun zuwanki na baya.

Mace mai ƙarancin jini takan ji kasala da jiri da haki da bugun zuciya, tafin hannunta da cikin idonta su yi fari. Matsalar ita ce, duk wannan akan ce ai nauyin ciki ne. Abubuwan da suka fi kawo shi a wajenmu su ne zazzaɓin cizon sauro, da rashin abinci mai gina jini, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa da kusa. Shi ya sa ake ba ki jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da 'yar ƙaramar folic acid ki sha kullum, a kuma ba ki Fansidar daga mako na 13 zuwa sama, wata-wata, aƙalla sau 3. Ƙwayar ƙarin jini takan sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba illa ba ce. Kada a sha ta da shayi, domin shayi na hana jiki tsotse ta. Maganar da ake yaɗawa cewa tana sa yaro ya yi ƙato har haihuwa ta gagara ba ta da tushe. Zogale, rama, alayyafo, wake, kifi da nama duk suna taimakawa, amma ba su maye gurbin ƙwayar.

Sickle cell anaemia ita ce sikila, ko amosanin jini, ita gadonta ake yi. Inda aka rubuta genotype za ki ga AA ko AS ko SS. Mai SS cikinta na bukatar kulawar likita tun daga farko, kuma a babban asibiti ya kamata ta haihu.

Babbar kalmar wannan dangi ita ce haemorrhage, wato ɓallewar jini. A nan ante da post sun sake dawowa, tare da partum wanda shi ma haihuwa ne. Antepartum haemorrhage, ko APH, zubar jini ne bayan ciki ya tsufa amma kafin a haihu. Wani lokaci mabiyiya ce ta zauna a ƙasa ta tare hanya, shi ne placenta praevia, kuma jininta yakan zo ba tare da wani ciwo ba. Rashin ciwon ne ke yaudarar mutane. Ko ɗan kaɗan ne, ko ya tsaya da kansa, a taho asibiti a ranar, kuma kada kowa ya sa mata hannu a gida da sunan dubawa.

Postpartum haemorrhage, ko PPH, shi ne zubar jini bayan haihuwa, kuma yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya. Awon da aka daɗe ana amfani da shi shi ne rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan sha guda ɗaya. Ba mu jira sai an kai haka in mun ga jikin mace ya fara canzawa. Ido yana ƙarya wajen kimanta jini, zane ya shanye, katifa ta shanye, a ce ai kaɗan ne. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda aka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga ainihin jinin da ya zuba, a kuma haɗa magunguna a lokaci guda. Munanan matsalolin zubar jini sun ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari. A gida babu wannan leda, babu allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Cewar da wasu ke yi wai a bar mugun jini ya fita, ni a wajena tana cikin maganganu mafi haɗari da ake gaya wa mai jego. In an taɓa rubuta PPH a katinki na baya, ki faɗa tun ranar awon farko, maigida kuma ya tanadi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini.

Hyper da hypo

Waɗannan biyu sun yi kama a ido da kunne, amma kishiyoyin juna ne. Hyper ya yi yawa, hypo ya yi kaɗan. Hypertension hawan jini ne, hypotension saukarsa. Hyperglycaemia yawan suga ne a jini, ga aemia ɗin nan ta sake fitowa a ƙarshe. Hyperemesis shi ne aman da ya wuce laulayin da aka saba, har mace ta kasa riƙe ko ruwa, tana ramewa. Wannan sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa.

Hypo ya fi fitowa a takardun jarirai. Hypothermia shi ne sanyin jiki, kuma da ɗari a ƙasar Daura ba sai an gaya wa kowa ba. A goge jinjiri, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su, a sa masa hula, a jinkirta wanka zuwa awa 24. Hypoglycaemia ƙarancin suga ne, rigakafinsa shi ne a sa shi a nono cikin awar farko. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar shi ne abincin da ya fi dacewa da shi.

Mu koma kan hawan jini. Lambobi biyu ake rubutawa, ɗaya bisa ɗaya. In sun kai 140/90 ko fiye, kuma an sake aunawa an samu haka, hawan jini ne. Daga 160/110 abin gaggawa ne. Sa'an nan a dubi fitsari. Uria a ƙarshen kalma fitsari yake nufi. Haematuria jini ne a fitsari, kamar yadda ake gani a tsargiya. Glycosuria suga ne a fitsari. Proteinuria kuwa shi ne ƙoda ta fara sakin sinadarin furotin, kuma akan nuna yawansa da alamar tarawa, ɗaya ko biyu ko uku.

Idan hawan jini ya haɗu da proteinuria bayan mako 20 na ciki, sai a rubuta pre-eclampsia. Eclampsia ita ce jijjiga. Asalin kalmar a harshen Girka tana nufin haske da ya ɓullo farat ɗaya kamar walƙiya, domin haka take zuwa. Pre kuma kin riga kin san shi. Ashe ke nan kalmar gargaɗi ce: jijjiga na tafe, amma ba ta iso ba tukuna. Mace na iya kasancewa da ita tana ta hidimarta ba ta jin komai, sai ma'auni ne kawai zai nuna. In alamu suka fito, su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin taurari, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannuwa. Ta fi kama mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda dama tana da hawan jini ko ciwon suga, da wadda ta taɓa yi. Tana kuma iya zuwa bayan an haihu, saboda haka mai jego da ke kukan ciwon kai a auna jininta. Mai hawan jini ta nisanci kunun kanwa da yawan gishiri.

Akwai allura mai suna magnesium sulphate da ke hana jijjiga da dakatar da ita. Wani bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Amma ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya sai an raba uwa da cikin, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki tun lokaci bai cika ba. In jijjiga ta kama mace a gida, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa cokali a bakinta, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a yi mata hayaƙi. A nemo mota. Duk takardar da ke ɗauke da eclampsia, da pre ko babu pre, ba ta kwana a gida.

Gravida da para

Gravida daga kalmar Latin mai nufin nauyi ta fito, kamar yadda mu ma kan ce wance ta yi nauyi. Tana ƙirga duk cikin da mace ta taɓa yi har da wanda take ɗauke da shi. Para tana ƙirga haihuwar da ta yi bayan ciki ya kai mako 28, ko ɗan ya zo da rai ko babu rai. In an rubuta G5 P3+1, ciki na biyar ke nan, haihuwa uku, ɓari ɗaya. Shi ya sa muke tambayar ɓari da 'ya'yan da suka koma. Mun san tambayar na da ciwo, amma lissafin na da amfani.

Primigravida ita ce mai cikin fari. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a asibitin da ya fi kusa. Multigravida ita ce wadda ta yi ciki fiye da ɗaya. Grand multipara kuwa ita ce mai haihuwa 5 zuwa sama. Irin waɗannan iyaye su ne suka fi ce mana sun saba, alhali mahaifar da ta sha aiki ta fi saurin kasa tsukewa bayan haihuwa.

Masu ƙarewa da "itis"

Itis kumburi ne ko harbuwar wani sashe, farkon kalmar ke faɗin wane sashe. Mastitis a nono, cystitis a mafitsara, hepatitis a hanta, meningitis shi ne sanƙarau. Mai mastitis ta ci gaba da shayarwa, daina ba da nonon ne ke ƙara masa ciwo. Uwar da aka samu da hepatitis B ta tabbata an yi wa jaririnta allurar rigakafin cikin awa 24 da haihuwa. Sepsis kuma ya wuce nan, shi ne ƙwayoyin cuta sun fi ƙarfin jiki. Zazzaɓi ga mai jego tare da jini mai wari, ko jinjirin da ya ƙi kama nono ya yi laushi, asibiti kai tsaye. Cibiya kuma man chlorhexidine kaɗai za a shafa mata, ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma.

Kafin a sa hannu a takardar aiki

Otomy tsagawa ce, ectomy cirewa ce ɗungurungum. Episiotomy shi ne ƙarin da ake yi wa mace a ɗinke. Laparotomy buɗe ciki ne. Myomectomy cire tsiron mahaifa ne da ake kira fibroid, mahaifar tana nan. Salpingectomy cire bututun ƙwai ne, yawanci idan ciki ya zauna a wajen mahaifa, abin da ake rubutawa ectopic. In ɗaya bututun lafiya yake, mace na iya sake ɗaukar ciki. Hyster mahaifa ce, don haka hysterectomy cire mahaifa ne, bayansa babu haila babu haihuwa. Wajen haihuwa ba a kai ga wannan sai jini ya ƙi tsayawa ko mahaifa ta fashe yadda ba ta gyaruwa.

Caesarean section, ko CS, ba ya cikin masu ectomy. Ɗa kawai ake cirowa a ɗinke mahaifa. Tsoron da ake ji cewa in an shiga tiyata za a juya wa mace mahaifa a ɓoye yana sa magidanta jan ƙafa har lokaci ya ƙure. Ɗaure bututu aiki ne dabam mai sunansa, BTL, kuma sai da amincewar mai jikin. Haƙƙinku ne a karanta muku takardar a fassara da Hausa kafin a sa hannu ko a dangwala, kuma a yi bayanin a gaban matar, domin jikinta ne. Wadda aka taɓa yi wa CS, haihuwarta ta gaba a asibitin da ke da ɗakin tiyata za ta yi.

Inda haruffa ke ruɗi

Ba duk kalmomin da suka yi tarayya a haruffa ne dangi ba. Para da ke cikin paracetamol ba ruwanta da haihuwa. Pressure ya fara da pre amma ba ya nufin kafin wani abu. Presentation kuma sashen jikin ɗa ne da ya fuskanci hanya: cephalic da kai, breech da ɗuwawu, transverse a gicciye. Saboda haka wannan dabara ta taimaka miki ki san abin da za ki tambaya, kada ta kai ki ga sayen magani a kemis.

Positive da negative su ma suna rikita mutane. A gwajin cuta, negative na nufin ba a samu ba. A rukunin jini kuwa babu maganar cuta ko kaɗan: O positive ko B positive irin jininki ne kawai. Wadda ke bukatar ƙarin kulawa ita ce mai Rhesus negative, musamman in mijinta positive ne, domin jikinta na iya yaƙar jinin 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Akwai allurar Anti-D da ke hana haka, ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn positive ne, haka ma bayan ɓari. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, don haka in kin ga negative a gaban rukunin jininki, ki yi wa ungozoma magana a awo na gaba domin maigida ya fara tanadi tun ciki yana ƙarami.